Gyaran Murya

Yayata Khairiyya ba ta yarda da magana sai ta gan ta a takarda. Ko gayyatar suna ka kai mata da baki, sai ta jawo biro ta rubuta rana da lokaci a gabanka, ta karanto maka, ta tambaye ka ko haka ne. Tun muna yara a unguwar New Bell ta birnin Duala muke tsokanarta da Sakatariya, tana jin haushi, har Allah ya sa ta zama sakatariyar gaske a wani ofishin fiton kaya kusa da tashar jiragen ruwa. Shekara goma sha huɗu ta yi tana buga Faransanci a can, ni kuwa ina rumfar atamfa a kasuwar Mboppi ina buga baki da masu saye. Ni ce A'isha, ta huɗu a ɗakinmu. Ita ce 'yar fari, ta ba ni shekara shida.

Wannan farin shi ne ciwon da ta girma da shi. Inna, mahaifiyarmu, mutuniyar da ce, har ta koma ga Allah ba wanda ya taɓa jin sunan Khairiyya a bakinta. In ta matsu sai ta ce "ke", ko "yarinyar nan". Ranar da aka yaye Yaya aka miƙa ta ɗakin kakarmu Tsohuwa, can ta tashi, tsakar gida ɗaya da mu amma kamar wata unguwa. Ni kuwa Inna ta goya ni, ta yi mini kitso a kan cinyarta, ta kira sunana sau ɗari a yini, rabi da zagi, Yaya na tsaye bakin ƙofar Tsohuwa tana kallo. Duk unguwa an san kunyar ɗan fari ce, ita ma ta sani. Amma sanin bai hana ta jin zafi ba. Ranar da ta ci babbar jarrabawar sakandare ta shigo da takardar tana rawar jiki, Inna ta dubi bango ta ce a faɗa wa masu jarrabawa Allah ya sa albarka. Yaya ta yi dariya tare da kowa, ta shiga ɗaki, ta daɗe ba ta fito ba.

Ta yi aure sau ɗaya, bai yi ƙarko ba, kuma Allah bai ba ta haihuwa ba. Da ofishinsu ya rufe, shekara biyu bayan rasuwar Inna, na ɗauka za ta zo ta taya ni zaman rumfa. Sai ga ta da labarin wai ta shiga karatun kula da yara masu buƙata ta musamman, irin waɗanda ba sa magana, ko ba sa ji, ko kansu ke bin wata hanya daban da ta sauran yara. Na ce Yaya, ke da ko kyanwa ba ki taɓa reno ba? Ta ce ai shi ya sa za ta koya. Tana da shekara talatin da tara ta koma rataya jakar makaranta. Wata tara ta yi a aji, sannan aka tura ta sitaj, wato zaman koyon aiki na wata huɗu, a wani ofishi da ke zagaya gidajen renon yara yana ba su shawara. Shugabarta wata Madam Ekambi ce, 'yar asalin Duala, mai furfura da sanyin murya. Da ta ji Yaya Bahaushiya ce sai ta yi murna. Ta ce akwai wani gidan reno a cikin New Bell, rabin yaran na Hausawa ne, iyayen ba sa sakin jiki da ita, Yaya ta je ta zama kunnenta a can.

A wannan gidan ta haɗu da Muhammad Bashir. Na san ubansa, Tahir, ɗan dako ne a Mboppi, shi ke sauke mini dila, mutum mai shiru da ƙarfin wuya. Yaron kuwa shekararsa huɗu, kyakkyawa mai manyan idanu, bai taɓa furta ko kalma ɗaya ba. Yini yake a lungun baranda yana jera murafen kwalba, ja da ja, kore da kore, wanda duk ya taɓa masa ɗaya ya sayi ihun awa guda. Ka kira shi Bashir, ka kira shi Abba yadda ake ce masa a gida, ka kira shi Mamadu yadda masu renon ke yi, ko gezau. An kai shi asibiti an ce kunnensa lafiya lau, kuma gaskiya ne, don in ruwan Duala ya sauko a kan kwano sai ya toshe kunnuwa ya cusa kai ƙarƙashin benci. A unguwa wasu su ce iska, wasu su rage murya su ce ɗan ruwa ne. Rubutu kuwa ya sha har ya gode Allah. Madam Ekambi ta ce abin yana da suna, otizim, haka ake haihuwar wasu yara, ba baki ba ne, ba kuma laifin kowa ba ne. Yaya ta rubuta wannan a littafinta ta ja masa layi biyu a ƙasa. Na gani da idona.

Makon farko da cizo ta dawo gida. Ta tsaya masa a ka ne ta sungume shi wai lokacin cin abinci ya yi, shi kuwa ya kafa mata haƙora a dantse. Madam Ekambi ba ta yi faɗa ba, ta tuɓe takalma ta zauna a siminti ta nuna mata. Ki sauko daidai tsayinsa. Ki zauna a gefensa, kada ki tare masa gaba. Kada ki tsare shi da ido. Ki faɗi kalma ɗaya, ki ƙirga goma a zuci kafin ki sake. Kada hannunki ya taɓa shi bai san da zuwansa ba. Yaya, wadda ba ta iya jiran mai shayi ya gama zuba suga, ita ce ta koma zaman ƙasa tana ƙirga goma. Har a gida in na yi mata tambaya sai in ga leɓenta na motsi kafin ta amsa.

Ofishin ya ba ta akwatin katuna masu hotuna, don yaron da ba ya magana ya riƙa nuna abin da yake so. Ta buɗe ta tarar da hoton tuffa, da baho, da dusar ƙanƙara. Ta ce wane ɗan New Bell ne zai nemi dusar ƙanƙara? Ta ɗauki wayarta ta bi gidan renon tana ɗaukar hoto: buta, ƙosai, ƙofar bayi, tabarmar barci, da shuɗin kofin robar da ba ya shan ruwa sai a cikinsa. Ta buga su, ta rufe da leda, ta jera a ƙasa kusa da murafensa. Mako shida yana bi ta kansu kamar babu su. A na bakwai, da rana tsaka, ya ɗauki katin kofi ya ajiye mata a cinya ba tare da ya dube ta ba. Ta kira ni a kasuwa tana kuka, har na fara salati, na ɗauka rasuwa aka yi.

Abin da ya tsaya mata a wuya shi ne uwar yaron, Mairama, 'yar shekara ashirin da huɗu, siririya, ba ta da wani ɗa sai shi. Kullum bayan la'asar za ta zo ɗaukarsa. Ba ta shiga. A waje take tsayawa, ta ba ƙofa gefe, idonta a kan kwata, ta yi gyaran murya sau biyu, ƙasa-ƙasa. Yaron sai ya tattara murafensa a aljihu, ya fito ya kama gefen zaninta, ta yi gaba yana biye. Sauran iyaye su rungumi 'ya'yansu, su tambayi me aka ci me aka sha, ita ko uffan. Yaya ta ɗauka yaron lokaci ya haddace, irin yadda suke riƙe tsari. Gyaran muryar kuwa ta ɗauka tari ne, har ta taɓa tsayar da Mairama ta ba ta shawarar citta da lemun tsami. Mairama ta gode.

Ranar katin kofi Yaya ta tare ta a ƙofa baki har kunne ta ba ta labari. Mairama ta dubi bango ta ce to, madalla. Da Yaya ta biyo ta rumfata da yamma fuskarta a murtuke take, ta ce sai ta ga kamar Inna ce a tsaye. Na tuna mata cewa ɗan fari ne, ga shi kuma sunan mahaifin Tahir ya ci, kwaɗo biyu ke nan a bakin yarinyar, ta ina za ta faɗi sunan surukinta?

"Na san kunya ce, A'isha," in ji ta. "A cikinta na girma. Ni da nake da baki na ji jiki, balle wanda ba shi da shi."

Na bar maganar nan, don ni ce wadda aka yi wa kitso a cinya. Har yau ina cizon yatsa da barin da na yi.

A wata na uku aka samu labarin wata cibiya a Ndogbong da ke ɗaukar irin waɗannan yara, shida kacal a shekara, da masu koya musu magana. Yaya ta ɗaura ɗamarar sai Muhammad Bashir ya shiga. Ana buƙatar rahoto, shafi huɗu, kuma nan ne fagenta. Shafi na uku kan gida yake tambaya, da 'yan akwatunan i ko a'a. Uwa tana kiran yaro da sunansa? A'a. Tana kallon idonsa? A'a. Tana ɗaukarsa, tana wasa da shi? A'a. Ba ƙarya ta yi ba ko ɗaya, abin da ta gani ta sa. A ƙasa akwai layuka uku na ƙarin bayani, inda kalma ɗaya, kunya, da ɗan fassararta za ta wadatar. Maimakon haka, da kyakkyawan rubutun nan nata, ta sa cewa yaron ba ya samun ɗumin uwa a gida, kuma mai yiwuwa hakan na ƙara masa ciwo. Daga baya ta gaya mini ta yi tunanin in takardar ta yi nauyi za a fi saurin ɗaukarsa. Na yarda da wannan. Amma na kuma san wace ce ke riƙe da biron a lokacin, yarinyar nan ce ta bakin ƙofar Tsohuwa.

Madam Ekambi ta karanta, ta tsaya a shafin, ta cire tabarau ta tambaye ta ko ta tabbata. Yaya ta ce mutanenta ne, ta san su ciki da bai. To wa zai yi musu da 'yar gida? Madam ta sa hannu ta buga hatimi. Ranar Litinin aka ba Tahir ambulan ya je ya sa nasa hannun. Tahir ba ya karatun boko, sai ya kai wa wansa Sirajuddeen, akawu ne a wani kamfani, shi ne babban gidan tun rasuwar mahaifinsu.

Ranar Laraba Yaya tana kakkaɓe saman kabad a gidan renon, ta juya wa yara baya, ƙura ta shige mata maƙogwaro. Ta yi gyaran murya sau biyu. Sai ta ji ƙarar murafe ana zubawa a aljihu, sannan ɗan hannu ya kama gefen siket ɗinta. Ta daskare. Yaron ya tsaya yana jira a yi gaba, da ya ji ba a motsa ba sai ya ɗaga kai. Wannan ne karo na farko da ya kalli fuskarta a wata uku. Ya ga ba ita ba ce, ya saki siket ɗin ya fasa wani irin ihu da ta ce ba ta taɓa jin irinsa ba. Ƙarfe sha ɗaya ne na safe, ba ruwansa da lokaci. Ashe wata uku ana kiran yaron nan a gabanta kullum, yana amsawa, ita kuwa tana neman wa mai kiran maganin tari.

Ta tari bensikin, babur ɗin hayarmu, ta nufi gidan su Tahir, amma an riga ta. Tun jiya Talata Sirajuddeen ya tara 'yan'uwa a tsakar gida ya karanta musu takardar da Faransanci, layi-layi, yana fassarawa. Nan ne raina ke ɓaci har gobe. Babu ko mutum ɗaya a wannan taron da bai san kunyar ɗan fari ba. Shi kansa Sirajuddeen uwarsa ba ta taɓa kiran sunansa ba, kuma yana alfahari da hakan. Da Mairama ta saki baki tana kiran sunan tsohonsu a tsakar gida, su ne za su fara cewa ba ta da tarbiyya. Amma abin da suka sani da Hausa kunya ne, da aka karanto musu shi da Faransanci, ga hatimi a ƙasa, sai ya koma cuta. Shekara huɗu suna neman wanda za su ɗora wa laifin yaron nan, an zargi iska, an zargi maƙwabta, yau ga takardar masana ta nuna musu uwarsa. Suka yanke cewa ranar Asabar za a kai shi Banyo, gari mai nisa can arewa, wurin 'yar'uwarsu, gwaggon yaron, ta riƙe shi ta ba shi abin da uwarsa ta kasa.

Yaya ba ta ɓoye wa Madam Ekambi komai ba. Matar nan, Allah ya saka mata, ta bar duk aikinta, suka sake rahoto, ta taka da ƙafarta har gidan ranar Alhamis. Ta zauna a tabarma ta yi musu bayani cewa babu uwar da ke jawo wannan, kuma yaro irin wannan in aka raba shi da wurin da ya sani da mutumin da ya sani, duk abin da aka gina rushewa zai yi. Ta ce gurbin Ndogbong na nan tafe, su yi haƙuri. Sirajuddeen ya sa aka kawo musu lemo mai sanyi, ya saurara har ƙarshe, ya ɗora takardun biyu a gwiwarsa.

"Madame, avec tout mon respect," in ji shi da Faransanci, wato da dukkan girmamawa, sannan ya juya Hausa don kowa ya ji. "Hannu ɗaya ya rubuta su, hatimi ɗaya ne a kai. Wacce ce ta yi ƙarya, ta Litinin ko ta yau?"

Yaya ta ce ta Litinin, kuma ita ce maƙaryaciyar. Ya ce to wanda ya yi ƙarya Litinin, me zai hana shi yi Alhamis? Tahir na gefe kansa a ƙasa. Mutumin da ke ɗaukar dila biyu a ka bai iya ɗaga ido ya dubi wansa ba.

Kafin su tafi Yaya ta zagaya bayan gida, ta tarar da Mairama a durƙushe tana wanke kayan yaron da za a tafi da su. Ta durƙusa a gabanta cikin ruwan kumfa ta roƙe ta gafara. Mairama ba ta daina cuɗa rigar ba. Ta ce tun yana jariri abin ya fara. Ɗakinta na jikin na surukarta, ba dama a ji tana rarrashi, sai in ta nufo shi da nono ta yi gyaran murya tun daga ƙofa don ya san ta iso. Shi ke nan ya riƙe, ita ma ta riƙe. In an rufe ƙofa kuwa har yanzu goya shi take, ƙafafunsa na dukan ƙwaurinta, don in ba a bayanta ba ba ya barci.

"Tata," in ji ta, yadda yara ke kiran masu reno, "an ce kin rubuta ba na kallonsa. Shi ne ba ya so. Ido ƙona shi yake yi. Sai na koyi ganinsa ta gefe. Da kin tambaye ni ai da na gaya miki."

Ki zauna a gefensa, kada ki tsare shi da ido, kada ki zo masa ba sanarwa. Abin da Yaya ta yi wata tara a aji da wata uku a siminti tana koyo, yarinyar nan da ba ta gama firamare ba ta gano shi ita kaɗai a bayan ƙofa, ba wanda ya buga mata hatimi.

Ranar Asabar da safe na rufe rumfa na raka Yaya Grand Hangar, can Bonaberi a ƙetaren gada, inda za su hau mota. Ta kwana biyu tana shirya wa gwaggon kaya: katunan nan a leda, shuɗin kofin, da ɗan littafi da ta cika da Hausa, yadda ake zama kusa da shi, abin da ke firgita shi, abin da za a yi in ruwa ya sauko. Tahir ya karɓa da hannu biyu. Tashar kuwa ta kacame, 'yan kamasho na ihu, masu burodi na ihu, injuna na ruri. Yaron na kafaɗar ubansa ya toshe kunnuwa da tafukansa, sai da aka zaunar da shi jikin taga ya fito da murafensa ya fara jerawa a bakin gilashi sannan ya ɗan lafa. Sirajuddeen na tsaye a ƙasa da wasu mata biyu na gidan. Mairama na kusa da ni, ta ba motar gefe kamar kullum, idonta a kan wata tsohuwar taya.

Da direba ya tada mota na ji ta yi gyaran murya sau biyu. Ni kaɗai na ji, don kafaɗata na gogar tata. Injin ya haɗiye shi. Ta sake, bai kai ko'ina ba. Motar ta fara mirginawa. Sai na ga ta juyo gaba ɗaya, ta dubi tagar kai tsaye, a gaban wan mijinta da matan gidan ta buɗe baki.

"Muhammad Bashir!"

Matan suka sunkuyar da kai, Sirajuddeen ya kau da fuska kamar an mare shi. Muryarta ta kai, don har wani fasinja a kujerar baya ya waiwayo. Yaron bai waiwayo ba. Bai san wannan sunan a bakinta ba, bai san da shi take ba. Yana gyara jan murfi ɗaya da girgizar mota ta karkatar, har suka fita tashar.

Mairama ta tsaya har ƙurar ta kwanta, sannan ta dubi Yaya, ba faɗa ba hawaye, ta ce, "An ce ban taɓa faɗa ba. Ga shi na faɗa."

A tasi, muna kan gada, Yaya ta tambaye ni ko Inna ma tana da wani abu irin wannan. Na buɗe baki zan ce a'a sai na tuna. Inna tana da wata tambaya da take jefawa tsakar gida, ba da kowa ba, idonta a kan tukunya: wa ya ci abinci, wa bai ci ba? Mu muka saba amsawa da ihu. Sai a kan gadar nan na lura cewa ba ta taɓa yin tambayar ba sai in Yaya ta shigo gidan. Na gaya mata. Ta ce ita kuwa ba ta taɓa amsawa ba ko sau ɗaya, don ba ta ji sunanta a ciki ba. Ta jingina kai da gilashi har New Bell.

Ta so ta bar aikin, Madam Ekambi ta hana, ta ce wanda ya san inda ramin yake shi ya fi dacewa ya tsaya a bakinsa. Yau shekara biyu ke nan tana zagaya gidajen reno, daga New Bell har Ndogbong, kuma ana yabonta. Tambayarta ta farko ga kowace uwa ita ce da me kike kiransa, sai ta ƙirga goma, wani lokaci goma sau goma. Shafi na uku ba ta cika shi sai ta zauna a ɗakin uwar an rufe ƙofa. Sakatariyarmu ta daina jawo biro in ana magana. Gurbin cibiyar ya fito wata biyu bayan tafiyar yaron, da sunansa a rubuce, aka ba wani.

Ta je Banyo sau biyu. Gwaggon ba muguwa ba ce, tana iya ƙoƙarinta, amma littafin na cikin kwalla da katunan, yaron ya daina kula su, ya rame, ya koma cizon hannunsa. Sirajuddeen ya ce a bari ya saba tukuna. Har yanzu ana jiran ya saba.

Da farko Mairama kan zo rumfata ranar Juma'a in kira mata Banyo a wayata. Gwaggon za ta kara wa yaron wayar a kunne, Mairama ta juya mini baya, ta fuskanci dilolin atamfa, ta yi gyaran murya sau biyu. Juma'a huɗu aka yi haka. A ta biyar gwaggon ta ce don Allah a daina. Ta ce da zarar ya ji, ture wayar yake yi, ya kwashe murafensa a aljihu, ya je bakin ƙofar gida ya tsaya, hannunsa a miƙe daidai inda gefen zani ke kaiwa. Ba ya ci, ba ya sha, ba ya yarda a taɓa shi, haka zai tsaya har a kira magariba.

Mairama ta ce to, ta miƙo mini wayar. Har yanzu takan biyo ta rumfar ta zauna, ga Mboppi da ƙurar yadi. In ta shaƙe ta sai in ga idonta ya kawo ruwa, maƙogwaronta na motsi, ta haɗiye gyaran muryar.